Yadda zaka tantance ko abu aikin fasaha ne ko kuwa kaya ne kawai

Duk mai riƙe da waya a ƙarshen 2024 ya ci karo da labarin ayabar nan da wani ɗan Italiya mai suna Maurizio Cattelan ya manna a bango da salatif, aka kaita gwanjo a New York aka sayar dala miliyan 6.2, wanda ya saya ɗin ma, wani mai harkar kirifto, bayan 'yan kwanaki ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya ɓare ayaba ya cinye a gabansu. An sha dariya a majalisu daga Fagge har Gwale, wasu suka ce kuɗi ne ya musu yawa, wasu suka ce akwai lauje cikin naɗi. To dariya dai anyi an gama amma tambayar bata tafi ba, kuma ba sai a New York take tasowa ba. Malamin makarantar da aka ce ya haɗa baje kolin ayyukan ɗalibai tana gabansa, wanda ya gaji tarkacen ɗakin kakarsa a cikin gari tana gabansa, haka mai neman abun ratayawa a falo, haka yarinyar da take zane tana ɗorawa a Instagram 'yan gidansu na ce mata shirme take. Wata rana dole ka yanke, wannan aikin fasaha ne, wancan kaya ne kawai. Ga yadda ni dai nake ganin ya kamata a bi abun.

Kafin komai ka raba gardamar gida uku, don yawancin musun da ake tafkawa cakuɗa su ake. Ko abun fasaha ne tambaya ce daban, ko yayi kyau tambaya ce daban, ko ya halatta a ajiye shi a gida ita ma daban. Mutum zai ga zanen da bai masa ba sai yace wannan ai ba zane bane, alhali abunda yake nufi shine bai burge shi ba. Akwai aikin fasaha mara kyau, da yawa ma wallahi, kuma rashin kyansa bai fitar dashi daga sahun ba, ya dai tura shi baya ne. Batun surar abu mai rai kuwa, mutum ko dabba, malamai sunyi dogon bayani akai kuma can ya kamata ka kai tambayarka ba wajen mai sayar da firam ba. Amma ka lura, hukuncin da malam zai baka akan zanen doki bai taɓa maganar ko wanda ya zana ya iya ko bai iya ba. Kuma wannan taka tsantsan ɗin yana cikin dalilan da suka sa gwanintar mutanenmu ta fi zuba a rubutu da zayyana da ɗinki da sarƙe-sarƙen layi irin dagi, shi yasa wanda yake neman fasahar Kano a hoton fuska cikin gilas kaɗai zai ce babu, alhali a cikinta yake tafiya kullum.

Farashi ma ka ajiye shi gefe tukuna. Zanen da Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, yayi na gimbiyar Ife, Adetutu, ya shafe shekaru rataye a wani gida a arewacin Landan duniya na nemansa, sai a 2018 aka sayar dashi fam miliyan 1.2. Ranar da yake rataye ba mai kula shi da ranar da aka buga gwanjon, zanen dai shine, ko ɗigon fenti bai ƙaru ba.

Cire amfanin abun a ranka kaga me ya rage

Wannan shine gwaji na farko kuma shi yafi sauƙi. Ɗauki ƙwarya. Aikinta a dama fura ko a zuba nono, kuma duk duman da aka fafe aka wanke zai yi wannan aikin. Amma kaga wata an bi bayanta da wuƙa mai zafi an ƙona mata layuka, an bar wani wajen fari an baƙanta wani, an zagaye bakinta da ƙananan zane wanda sai ka matso zaka gane ba duka bane iri ɗaya. Furar bata san da wannan ba. To wannan ragowar, abunda aka ƙara ba don ciki ba sai don ido da zuciya, shi zaka fara kamawa. Babbar riga haka take, sutura ce, da aska takwas da babu duk zata rufe jiki, amma wani ya zauna watanni yana cusa allura don a kalla. Ka shiga lungunan cikin gari ka tsaya gaban tsofaffin gidajen ƙasa, gini na buƙatar tubali da yaɓe da makuba don ruwan sama, amma adon da aka tayar a kewayen ƙofar zaure fa, dagi da takobi, har a wasu gidajen na tsakiyar ƙarnin da ya wuce zaka ga an fitar da keke ko agogo ko jirgin sama? Wannan magini ne da mai gida suke magana da duk wanda ya gifta, kuma da ƙasa suke maganar.

Kar ka juya gwajin nan kace to duk abunda ake amfani dashi ba fasaha bane, nan mutane da yawa suke zamewa, musamman waɗanda suka ɗan yi boko suka ɗauka sai abunda aka rataye aka hana taɓawa. Zaro naira 20 a aljihunka ka juya bayanta, matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, kuma tulu da randa ta taso tana ginawa irin na mutanen Gwari, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta wani Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, aka fara gasa aikinta da wuta mai ƙarfi ana masa ruwan tangaran, aka kai Landan ana baje kolinsa. A ganina ba ranar da tukunyar ta sauka a Ingila ta zama fasaha ba, hannun da zanen duk suna nan tun tana ɗaukar ruwa a ƙauye.

Haka kuma kar kace sai abu yayi kama da wani abu. Wannan har kotu an je akansa. A 1926 wani mai sassaƙa ɗan Romaniya mazaunin Faransa, Constantin Brancusi, ya shigar da wani dogon ƙarfen tagulla mai sheƙi Amurka yace tsuntsu ne, 'yan kwastan suka duba ba fiffike ba baki ba ƙafa, suka ce wannan ƙarfe ne kawai aka sarrafa, suka lafta masa harajin kayan masana'anta alhali da sun yarda aikin fasaha ne da kyauta zai shiga. Aka kai ƙara, a 1928 kotu tace fasaha ce ko da bai yi kama da tsuntsu ba. Mu nan wannan ba sabon abu bane, dagi da me yayi kama? Amma ba wanda ya taɓa tsayawa yace a cire shi daga bango tunda ba hoton komai bane.

Nemo inda mai aikin yayi zaɓi

A nan zan ɗan daɗe don nan gizo ke saƙar. Je Kurmi ko duk inda ka saba sayen hula, ka ɗauki biyu masu kama da juna, ɗaya mai tsada ɗaya mai araha, kace da mai shagon, Alhaji wacce ce ɗinkin hannu a ciki? Idan mai gaskiya ne ba zai tsaya rantsuwa ba, cewa zai yi ranka ya daɗe juya cikinta ka gani. To ka juya. Ta hannu zaka ga inda zare ya ƙare aka ƙulla aka ɗora wani, zaka ga ramukan basu zama daidai wa daida ba, wani ya ɗan fi wani matsewa saboda ranar mai ɗinkin ta ja zaren da ƙarfi, wani lokacin ma zaka hango ragowar layin biron mai zane a ƙarƙashin ɗinkin inda bata bi shi sak ba ta ɗan kauce don gidan ya zauna. Ta inji kuwa lumui take, gida na farko da na ƙarshe kamar an buga da hatimi. Ka riƙe su a rana ka ɗan karkata, ta hannun tana da tudu da kwari, haske na wasa a kanta.

Amma fa kar ka tsaya a "hannu ne" kace shikenan an gama. Hannu kaɗai bai isa ba. Hula ɗaya takan ratsa mutum uku ko fiye, mai zane da ya shata fasalin akan farin yadi, matar da ta ɗinke a cikin gida tsakanin girki da raino, sai mai wanki da ya sa mata sitaci ya ɗora a kan itace ya fitar mata da tsayuwa. A cikinsu wa yayi fasahar? Amsar itace duk wanda ya yanke shawarar da wani a matsayinsa ba lallai ya yanke irinta ba. Ka ba mata biyu zane ɗaya, ɗaya zata cike shi yadda aka saba a biyata ta huta, wannan sana'a ce kuma ba abun rainawa bace, ɗayar kuwa sai kaga ta sa ruwan toka kusa da ruwan ƙasa a inda kowa ke sa baƙi, ta rage ja ta barshi ɗigo ɗigo, hular ta fito da wata natsuwa da ba ka san zanen na iya bayarwa ba. Kamar miyar kuka ne, kowa kuka da daddawa da barkono ya zuba amma kana kai loma ka san tukunyar waye.

Inji kuma shi ma bai kore fasaha ba. Kyamara inji ce, amma mai hoton da ya san inda zai tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawa da lokacin da zai danna ya zaɓi abu, wanda ya ɗaga waya sama ya danna sau hamsin yana fatan ɗaya ta fito bai zaɓi komai ba. Kwamfutar da ke yiwa shadda aiki a shagunan teloli bata da ra'ayi, amma wanda ya zauna ya ƙirƙiro dizayin ɗin tun farko yana da, waɗanda suka kwafa a filas suna bugawa kowa kuma 'yan kasuwa ne. Da wannan ma'aunin zaka auna hotunan AI da suka cika mana waya. A 2022 wani hoto da aka haɗa da manhajar AI mai suna Midjourney ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Colorado ta Amurka aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi yiwa mai shi rajista saboda yace rabon na'ura a aikin yayi yawa. Kai dai tambayi mai hoton, a cikin abunda nake gani wanne ne kai ka nufa wanne ne na'ura ta jefo maka ka karɓa? Idan layi ɗaya ya rubuta ya ɗauki abunda ya fito, ni bana sa shi a sahun mai zane. Idan ya gyara, ya yanke, ya haɗa da nasa, ya watsar da da yawa saboda dalilin da zai iya faɗa, to akwai magana.

Tambayi mai aikin, amma ka iya tambaya

Kar kaje kace wa dattijo Baba wannan fasaha ce? Zai kalleka ne kawai yace sana'ar gado ce ɗan nan, ya cigaba da aikinsa. Tambayar da ke buɗe baki itace me yasa aka sa wannan a nan ba can ba. Gwada a karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a wajen. Tsaya ka kalli marini yana tsoma yadi a ruwan baba da toka ya ɗago, zaka ga ya fito da ɗan kore kore, yana shan iska yana juyewa shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, kuma ba agogo yake kallo ba, ido ne ke gaya masa ya isa. Ɗaurin da ke fitar da zanen kuma yawanci mata ne suka yi shi a gida da zare kafin yadin ya iso ramin, bayan an gama a kai wa masu bugu su daka shi da itace har ya ɗau sheƙi. Kace masa Baba me yasa wannan ka barshi da haske wancan ka kaishi har ya kusa baƙi? Gwani zai baka amsa da abunda ya ƙi yi a ciki, zai ce da na ƙara masa da ɗaurin ya nutse ba za a ga idon ba. Duk inda kaji mutum na faɗa maka hanyar da ya bari da dalilin barinta, to ka samu abunda kake nema. Wanda yace haka ake yi kawai, ko dai bai yarda da kai bane tukuna ko kuma da gaske maimaitawa yake.

Niyyar mai abu tana da nauyi sosai har wasu suka ce ita kaɗai ta isa. A 1917 wani mai zane Bafaranshe, Marcel Duchamp, ya sayi abun fitsarin maza na tangaran irin wanda ake kafawa a bangon banɗaki, ya kwantar dashi ya sa hannu da sunan ƙarya R. Mutt, ya aika wani baje koli a New York da masu shi suka yi alkawarin duk wanda ya biya kuɗin shiga za a nuna aikinsa. Suka ƙi nunawa. Abunda yake son ya tona kenan dama, wato zaɓar abu da sauya masa wajen zama shi ma aiki ne. Ayabar nan jikarsa ce, wanda ya biya miliyoyin ba ayaba ya saya ba, takardar shaida ya saya da umarnin yadda za a manna, in ta ruɓe a sa wata. Ni a wajena tana cikin sahun amma a can baya, barkwanci ne da aka riga aka yi shi shekara ɗari kafin ita.

Kafin ka ce wannan ai haukan Turawa ne, tuna da jere. Kwanuka da kwalla da tangaran ɗin da ake jerawa a ɗakin amarya ba gwaggonninta ne suka ƙera ba, a kasuwa aka sayo, irinsu na nan dubu a shaguna. Amma a wuni ana sa wannan a sauke wancan, Hajiya babba na cewa a'a ku mayar da masu furen nan sama manyan su zauna a ƙasa, a ja baya a kalla a sake, sannan mata su yi ta zuwa ganin ɗaki suna cewa wance ta iya jere. In ka yarda akwai wadda ta iya da wadda bata iya ba, ka riga ka yarda cewa zaɓi da tsarawa gwaninta ne ko ba kai ka ƙera kayan ba.

Sai dai niyya ba sharaɗi bace, don wani lokacin mai abun ya mutu ba mai tambayarsa. A 1943 aka kawo wa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, a Jos wani kan mutum na gasasshen yumɓu wanda aka tono a wajen haƙar kuza, kafin nan ma wani ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi dashi. Irin kayan tarihin nan ne da ake kira na Nok, masu shekaru sama da 2000. Waɗanda suka gina basu bar mana rubutu ba, amma ka kalli yadda aka huda idon aka gyara kitson, zaɓin na nan a jikin yumɓun ƙarara. In ba mai amsawa, abun da kansa zaka yiwa tambayar.

Kai shi gaban masu ido

A 1964 wani mai zane Ba'amurke, Andy Warhol, ya baje akwatunan da ba ka iya bambanta su da kwalin soson wanke-wanke na kanti, wani masanin falsafa Arthur Danto ya tambaya to me ya raba su tunda ido baya rabawa, daga baya wani masanin, George Dickie, ya ɗora da cewa abu na zama fasaha ne idan mutanen harkar, masu gidajen baje koli da masu sharhi da sauransu, suka karɓe shi a haka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don a 2015 a wani gidan adana fasaha a Bolzano ta Italiya masu shara sun wayi gari sun kwashe wani aiki na kwalaben da aka shanye da tarkacen biki sun zuba a shara, sun ɗauka ragowar walimar daren jiya ce. Abun da sai an gaya maka kafin ka gane, to rabin rayuwarsa a bakin mutane take.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayin shine waye a zaune a majalisar. In sai Landan da Paris sun buga hatimi, to kakanninmu sun yi aikin banza kenan har ranar da Bature ya zo da kyamara. Ai muna da namu masu idon tun da can. Sarautar Sarkin Magina ba ado bace. Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen 1830 mutanen zamaninsa ne suka kira shi Babban Gwani, ba jira suka yi wani ya zo daga waje ya faɗa musu ba. Don haka hula ka kaita wajen tsofaffin 'yan hula, aikin fata wajen dukawa, rubutu wajen alarammomi, zanen fenti wajen masu zanen fenti, kuma ka tambayi fiye da mutum ɗaya saboda kowace sana'a akwai 'yar hassada a ciki, sannan tsofaffi sukan ƙi sabon abu don sabo ne kawai. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, 'yan tawaye aka riƙa ce musu don sun ƙi tsayawa a tsarin malamansu Turawa, yau sune manya. El Anatsui a Nsukka da murafan kwalabe da wayar tagulla yake haɗa abu kamar ƙaton zani, yanzu manyan gidajen tarihi na duniya ke rububinsa. Kai ma ka horar da naka idon, gani ya kori ji, Gidan Makama na nan kusa da fada, Gidan Ɗan Hausa na nan a Nasarawa, ka shiga ka ɗaga kai ka kalli rufin da bakan gizon kafin ma ka kalli abunda ke cikin gilas.

Akwai kayan da zaka yanke musu hukuncin fasaha ne amma hakan bai baka damar yi musu yadda kaga dama ba. Ka samu Alƙur'ani rubutun hannu na alaramma ka duba da alwalarka, warƙa warƙa ba a ɗinke ba cikin gafaka, baƙin tawada mai kauri da aka ja da alƙalamin kara, wasulla da ja, hamza ɗigon ruwan ɗorawa, ga zayyana a gefe inda hizbi ko sumuni ko sujada ta faɗo, kowacce da nata fasalin ba a maimaita ba, kuma mutumin da ka yake rubutawa. A wajena ba abunda aka yi a garin nan da ya kai wannan, amma ibada ce kafin komai. Haka allon zayyana na sauka. In zaka sa su a baje koli, ka ɗaga su sama, ka hana taɓawa, kar ka jera su kusa da abunda bai dace ba, ka nemi izinin mai su.

Abunda baya daɗewa kuma kar ka cire shi don ba a iya ratayewa. Lalle sati biyu ya goge. Hawan Daushe yamma ɗaya ne a watse, amma ka kalli yadda kowane hakimi ya haɗa kalar rawunan mutanensa da jalalar dawakai da 'yan lifidi, wani ya zauna ya tsara wannan. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

In kai ne mai yanke hukuncin

Idan baje koli aka baka, na makaranta ko na unguwa, ga dabarar da zata raba ka da rigima. Kowane abu ka ɗauki ɗan kati ka rubuta wanda yayi, a ina, da me, yaushe, sannan layi biyu akan zaɓin da kaga yayi wanda ba dole bane. In ka zauna ka kasa samo layi biyun nan, ajiye abun gefe, ba wai ka yar ba, ka sake dawowa kansa gobe ko ka kira wani mai ido. Sunan mai aikin kuma ka nemo shi da gaske, a daina rubuta "aikin gargajiya" kamar daga sama ya faɗo, matar da ta ɗinka tana nan a Yakasai ko Ɗorayi kuma tana da suna, ka tambayeta in tana so a sa. Yaron da ya kwafo hoton ɗan ƙwallo daga waya tsaf, ka yaba hannunsa ka gaya masa saura nasa, wanda ya zana layin 'yan adaidaita sahu a Ƙofar Nasarawa a karkace amma kana jin hayaniyar wajen, ka bashi bango mai kyau ko iyayen wancan zasu yi ƙorafi.

Idan kuma kayan gado ne, tsohuwar riga ko akushi ko takobi ko littafi, kar ka wanke da omo, kar ka goge tsatsa da sanfefa, kar ka kira mai fenti ya "gyara", yawancin ɓarnar da ake yiwa tsofaffin kaya da sunan gyara ake yinta. Ɗauki hoto ta kowane gefe, zauna da tsofaffin gidan ka naɗi bayaninsu a waya tun suna nan, waye ya saya, a wane biki aka fara sawa. Ka ajiye a inda ba danshi ba rana, cikin farin yadi ba leda ba. Dillali na farko da ya zo yana cewa ai tsohon kaya ne kawo in rage maka shara, kace masa sai kunyi shawara. Kuma ka sani kayan tarihi ba a fitar dasu daga Najeriya sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa wadda aka kafa a 1979, ita ce ke riƙe da Gidan Makama, don haka in wani yace zai kai maka waje a sayar, fara zuwa can da hotunan ka tambaya.